Yaron Kirki Ne, In Ji Kowa

Ni dai tun farko na faɗa wa Yaya Baƙo, in yabo yake so a kawo masa to ya aiki wani, kada ya aike ni. Ya san halina sarai. Ni Susanna ban iya shafa wa magana mai ba. Ko a zumuntar matan cocinmu, in ana neman mai sasanta rigima ba a kirana, sai in ana neman wadda za ta gaya wa matar fasto cewa addu'arta ta yi tsawo, tuwon mutane na ƙonewa a gida.

Ya ce ni ɗin dai yake so. "Ke ce gwaggonta, a hannunki take zaune. Kuma ta dalilin firijinki maganar nan ta taso, sai ki ƙarasa ladanki."

Gaskiyarsa ce. Jemimah 'yarsa ce ta fari, malamar firamare a nan Samaru. Tun da ta sami aikin ta baro ƙauyenmu da ke bayan Shika ta dawo wurina a Hayin Dogo, inda nake sayar wa ɗaliban jami'a zoɓo da kunun aya. Bara da zafi firijina ya mutu, kunu ya yi ta lalacewa ina zubarwa ina masifa, sai wata maƙwabciyata ta kira mini wani mai gyara daga Sabon Gari, wai shi Iyke. Ya zo ya gyara. Bayan kwana biyu ya dawo, wai ya zo ya ji ko firij yana sanyi. Ya sake dawowa, ya kuma sake. Ranar da na ga ya zo duba lafiyar firij da sabon aski da turare, na ce masa, "Ɗan nan, firijin yana ɗaki, ita kuma ba ta taso daga makaranta ba. Zaɓi wanda za ka jira."

To, magana ta yi nisa, har ta kai kunnen uban yarinya. Yaya ya zo har gidana ya zauna a kan benci ya cire hula.

"Ban ƙi shi don Ibo ne ba," in ji shi. "An ce a Sabon Gari aka binne cibiyarsa, Hausarsa ma ta fi tawa. Amma ban san shi ba, ban san gidansu ba. Ki je ki yi bincike. In kin dawo kin ce mini yaron kirki ne, mutanensa su zo gaisuwa. In kin ce a'a, ko kukan jini Jemimah za ta yi ba zan ba shi ba."

Kirki! Kalmar nan ta sha wahala a bakinmu. In sama ta yi ɗan yayyafi ta ɗauke, a ce ba a yi ruwan kirki ba. Yaro ya tsakuri tuwo ya tashi, a ce bai ci abin kirki ba. Wannan duk na yarda. Amma ta kan mutane fa? Mutum ya durƙusa ya gaishe ka, ya tambayi kwanan iyali ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan ya zama mutumin kirki. Uwa uba wajen binciken aure. Ba wanda yake so a ce shi ya kashe auren ɗan maƙwabci. Ko ɓarawon akuya ka je bincikensa, wanda ya sace wa akuyar ne zai fara ce maka, "Ai yaron kirki ne." In abin ya yi muni ƙwarai, iyakarta a ce maka, "To, ɗan Adam dai sai Allah," kai kuma ka tafi gida ka yi ta fassara.

Na san abin da nake faɗa. Kunnena na hagu ba ya ji, duk mai magana da ni sai ya zagayo ta dama. Marigayi mijina Sati ne ya kashe shi da mari ɗaya, ranar da ya dawo daga gidan burukutu ya tarar miya ta huce. Duk ƙauyenmu ba wanda ya kai Sati iya gaisuwa. Shi ma an yi bincikensa kafin a ba shi ni, aka ce yaron kirki ne. Tun daga nan na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara faɗin wannan kalma a kan ɗa namiji ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Ranar da zan tafi, ina ɗaura ɗankwali, Jemimah ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu. Babbar mace, mai tsawata wa aji guda, ta koma kamar 'yar yaye.

"Gwaggo, don Allah in kin je ki tambayi kowa da kowa. Ki tambayi mutanen cocinsu, ki tambayi 'yan layinsu. Amma ban da Baba Obadiah."

Na bar ɗaurin na juyo mata da kunnen dama. "Wane ne Baba Obadiah?"

Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Ta rufe baki da hannu, ido ya kawo ruwa. "Wani tsoho ne a gidan hayarsu. Ba ya shiri da Iyke. Ko gaisuwarsa ba ya amsawa."

"Me ya haɗa su?"

"Gwaggo, in kika je wurinsa aurena ya mutu."

Tausayinta ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Yarinyar nan ni na goya ta ranar da aka yi mata baftisma. Amma ai ta riga ta nuna wa kura inda akuya take kwana. Na ce mata ta share hawaye ta wuce makaranta, gobe Asabar mu haɗu a ƙauye wurin babanta, duk abin da na samo a gabansa zan zazzage.

Na shiga bas daga Samaru, muka bi ta Kwangila muna ta tsaye-tsaye, ɗalibai biyu a bayana suna ta haɗa Hausa da Turanci har kaina ya fara ciwo. Na sauka kusa da kasuwar Sabon Gari na taka zuwa layinsu Iyke. Damina ce, an yi ruwa da asuba, layin duk caɓi.

Na fara da mai shayin bakin layi, wani Bakatsine mai fara'a. Na sayi burodi don kada a ce na zo hannu rabbana, na ɗan zagaya na kawo sunan Iyke. Ya dube ni ya dubi zanena na fita unguwa, ya yi murmushi. Ya gane.

"Iyke? Kai, Mama, ai yaron kirki ne."

Na wuce wurin wani dattijon cocinsu mai sayar da fenti. Shi ma ya ce yaron kirki ne, ba ya fashin sujada. Na shiga shagon wata mai ɗinki, Clara, wadda tagarta take kallon ƙofar gidansu. Yaron kirki ne, yana kula da tsohuwarsa Nonye, tun da ya kama sana'a shi ke riƙe da ita. Na ce a raina, yau na shiga uku, kamar duk layin a aji ɗaya aka koya musu karatu. Na matsa kusa da keken ɗinkin.

"'Yar nan, dubi furfurata. Ba waƙa na zo saurare ba. Ina ne ɗakin Baba Obadiah?"

Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta leƙa waje ta dawo da murya ƙasa-ƙasa. "Mama, ni dai ban aike ki ba. Ɗakin ƙarshe ne, wajen kejin zomaye."

Gidan irin tsofaffin gidajen hayan nan ne na Sabon Gari, ɗakuna a jere suna kallon juna, igiyar shanya ta ko'ina, rijiya a tsakiya. Can ƙarshe na tarar da shi, dogon tsoho siriri, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da 'yar rediyo a kan kujera, yana tura wa zomaye ganyen dankali ta ƙofar keji. Na yi sallama, muka gaisa. Daga harshensa na ji mutumin kudancin Kaduna ne. Ya ba ni kujera, na ja ta na juya yadda kunnen dama zai fuskance shi.

"Baba, sunana Susanna, daga Samaru. Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Iyke ne yake neman 'yar wana, aka aiko ni bincike. An ce mini ba ka shiri da shi, shi ya sa na zo wurinka."

Ganyen ya tsaya a hannunsa. Ya dube ni ya daɗe, sai ya fashe da wata dariya marar daɗi, har da tari.

"Allah mai iko! Yau ga auren Iyke a tafin hannuna." Ya buɗe tafin yana kallo kamar da gaske wani abu ne a ciki. "Mama, kin san abin da yaron nan ya yi mini?"

"Shi na zo ji."

Ya kashe rediyo. Ya ce yana da ɗa namiji guda, Martins, sa'an Iyke. A tsakar gidan nan suka yi rarrafe tare. Da uban Iyke ya rasu, Nonye tana kasuwa tun safe har yamma, a kwanon Martins yaron yake cin tuwo. Matar Baba Obadiah, kafin ta rasu, ba ta taɓa raba musu nama ta fifita nata ba. Da suka girma Martins ya sami yarinya, Hope, 'yar mutanen kirki daga wajen Wusasa. An yi gaisuwa, an sa rana, har mata sun kai anko wurin Clara. Sai wani kawun yarinyar ya ce shi bai gamsu ba, zai sake bincike. Ya zo layin nan, kowa ya ce masa yaron kirki ne. Daga ƙarshe ya je shagon Iyke, tunda shi ne babban abokin ango.

"Iyke ya ce musu Martins yana shan maganin tari da ƙwaya. Ya ce in ya sha ba ya sanin kowa, ya taɓa karya wa ƙanwarsa hannu a ɗakin nan. Ya ce kada su ba shi yanzu, su bari ya warke tukuna. Aka fasa. Mama, anko a ɗinke! Na yi wata ban taka ƙofar coci ba don kunya. Yaron da ya ci tuwon matata!"

Na bar shi ya numfasa, sannan na tambaye shi abin da ya kawo ni.

"Ƙarya ya yi masa?"

Ya juya ya ci gaba da tura ganye, alhali zomayen sun ƙoshi.

"Da ƙarya ya yi, ai da tuni na yafe masa."

Gabana ya faɗi.

Ya ce wani abin ma da ya fi ci masa rai, yaron bai yi a ɓoye ba, balle ya sami abin zaginsa da shi. Tun da aka ji kawun yana yawo a layi, Iyke ya zo nan ya durƙusa gabansa, Martins yana zaune. Ya ce, Baba, in suka tambaye ni ba zan rufe ba, gara ku je ku faɗa musu da bakinku, a ɗaga bikin a nema masa magani.

"Na ce masa, kai yaro, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wa ya taɓa tona abokinsa wajen bincike? Haka aka yi wa ubanka, haka aka yi mini, aure ne zai gyara shi. Kin san abin da ya ce mini? Ya ce, 'Baba, Hope ma 'yar wani ce.'"

Yesu! Hannuna ya kai kan kunnena na hagu ban sani ba. Na yi sauri na mayar da shi kan cinya, na yi kamar ɗankwali nake gyarawa.

"Ina Martins ɗin yanzu?" na tambaya.

"Yana shago."

"Wane shago?"

Ya yi tsaki, kamar na taka masa ciwo. "Shagon wa kuwa? Na Iyke mana."

Ashe bayan fasa bikin Martins ya ƙara lalacewa, har kwana yake a bakin kwata. Abokan da suka ce yaron kirki ne duk suka watse. Iyke ne yake bin lungu-lungu yana ɗauko shi. Martins ya zage shi, ya taɓa fasa masa leɓe, Iyke bai daina ba. Shi ya ɗora shi a babur ya kai shi asibiti wurin likitocin masu irin wannan matsala, shi yake rufe shago ya zauna da shi a layi duk ranar ganin likita. Da ya fara dawowa hayyacinsa ya sa shi a shago, ya ce hannun da yake riƙe da sifana ba ya samun sukunin riƙe kwalba.

"Ba na ce miki ya warke ba," in ji tsohon. "Wannan sai Allah. Amma yana kwana a gida, yana cin abinci, ya yi ƙiba. Jiya har ya gyara mini kejin nan."

"Ita Hope fa?"

"Ta yi aure a Kaduna. Kwanaki na gamu da ita a kasuwa da goyo. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Fuskarta sumul, ba tabo ko ɗaya. Ranar ban iya cin abinci ba."

"To Baba, duk da haka ba ka amsa gaisuwarsa?"

"Ba na amsawa! Kullum da safe sai ya zo ya durƙusa a nan, ni kuma in ƙara wa rediyo murya. Na rantse a gaban mutane, kuma ni ba yaro ba ne."

Na ce a raina, taurin kan tsofaffi ya fi na jaki, amma ban faɗa ba, don a gidansa nake. Na gyara zama.

"Wana kalma ɗaya ya ce in kawo masa. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, yaron kirki ne?"

Ya girgiza kai. "Ba za ki ji wannan a bakina ba. Na sha faɗinta a kan mutanen da ko zomayena ba zan bar musu tsaro ba. Abin da zan ce miki shi ne, ba na son ganin yaron nan. In na gan shi kunyata nake gani. Amma in kuka ba shi 'yarku, ba zai cuce ta a ɓoye ba, in kuma ta faɗi ba zai tsallake ta ya wuce ba. Tashi ki tafi, Mama. Kada ki gaya masa na faɗi haka."

Ina miƙewa sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Iyke ne ya dawo cin abincin rana, hannu duk baƙin mai. Da ya gan ni a gaban kejin zomaye sai da ya yi tuntuɓe da bokitin rijiya. Fuskarsa ta canja. Duk da haka ya ƙaraso ya durƙusa.

"Mama, sannu da zuwa. Baba, barka da rana."

Baba Obadiah ya miƙa hannu ya murɗa rediyo har ƙarshe.

Yaron ya raka ni ƙofar gida. Na jira in ji ya fara wanke kansa, ko ya tambaye ni me tsohon ya ce. Bai yi ko ɗaya ba. Sai da muka kai bakin layi ya zagayo ta damana, ashe ya lura, ya ce, "Mama, duk abin da Baba ya faɗa miki haka ne. Ba ya ƙarya." Ya ce in jira ya ɗauko babur ya kai ni tasha. Na ce ya rufa mini asiri, ina aka taɓa ganin mai bincike a bayan babur ɗin wanda ake bincika?

Washegari na hau keke napep zuwa Shika, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauye. Na tarar Yaya Baƙo ya dawo daga gona, yana zaune a gindin mangwaron ƙofar gida yana kankare laka daga fartanya. Jemimah ta riga ni isowa. Ta kawo mini ruwa, ubanta ya ce ta shiga ciki. Ta shiga, amma ina ganin ƙafafunta a ƙarƙashin zana.

Na zazzage masa komai, tun daga mai shayi har zomaye, ban rage ba ban ƙara ba. Yana ji yana kankara. Da na gama ya ajiye fartanyar ya ɓata fuska.

"Susanna, wannan ne kika kawo mini? Mutumin da ya tona asirin amininsa? Gidan da ya ci tuwo? Wannan ai ba kirki ba ne, cin amana ne. Mutumin kirki rufin asiri aka san shi da shi. Yau ya tona abokinsa, gobe in Jemimah ta yi kuskure a tsakiyar kasuwa zai yi shela."

"Ba a kasuwa ya yi ba. Tambayarsa aka yi, a kan ran 'yar mutane."

"Ko ma dai mene ne. Akwai yadda ake yi. Sai ya ce bai sani ba, ko ya ce ɗan Adam sai Allah. Ba a haka, Susanna. Tun kakanni ba a haka."

Raina ya ɓaci. Ya miƙe ya zagaya yana ta magana, ya je ya tsaya ta haguna. Ina ganin bakinsa yana motsi, hannu yana sama yana ƙasa, ba na jin komai sai gunaguni.

"Yaya, zagayo ta dama. Ka san wannan ba ya ji."

Ya zagayo, ya buɗe baki zai ci gaba. Ni kuma maganar da na haɗiye tun ina amarya, na binne miji da ita a cikina, na aurar da 'ya'ya da ita, sai ga ta ta fito da kanta.

"Yaya, lokacin da Sati ya zo nemana, wa babanmu ya tambaya?"

Ban jira amsarsa ba.

"Abokinka ne. Tare kuka yi kiwo, tare kuke zuwa kasuwar Giwa. Baba ya ce ba sai an je nesa ba, ga Baƙo. Ina bayan rumbu ina surfe, ina jinku. Me ka ce masa?"

Ya zauna a kan tushen mangwaron. Tsoho da furfura, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Na ce yaron kirki ne."

"Ka san yana sha?"

"Na sani."

"Ka san yana duka?"

Ya sunkuyar da kai. Kaji suna ta tonon ƙasa a gabanmu.

"Na taɓa ganin ya doki ƙanwarsa da bakin fartanya," ya ce a hankali. "Na ce in ya yi aure zai bari. Kunya na ji, Susanna. Na ga in na faɗa, da wane ido zan dube shi? Ban yi tunanin..." Ya kasa ƙarasawa. Ya dubi kunnena, karo na farko a iya sanina da ya dube shi kai tsaye, sai hawaye.

Wallahi na zaci ranar da maganar nan za ta fito zan yi masa tas, in wanke shi soso da sabulu. Na sha tsara zagin a raina ina wanke robobin zoɓo. Amma da na ga wana yana kuka da laka a gwiwa, sai duk zafin ya sauka, tausayi ya maye wurin. Ai shi ma abin da ya tarar ana yi ya yi.

"Ban zo tada tsohon miki ba, Yaya," na ce. "Abin da ya wuce ya wuce, Sati yana gaban Ubangijinsa. So nake ka gane abu ɗaya. Da a ce ranar nan akwai irin Iyke guda a ƙauyen nan, da yanzu ta kowane gefe ka tsaya ina jinka."

Ya share fuska da hularsa. Ya ɗauki fartanyar ya juya ta ya sake ajiyewa.

"Ki aika musu su zo," ya ce. Sai kuma ya ɗago. "Amma sharaɗina yana nan. Na ce sai na ji daga bakinki."

Kai, Yaya Baƙo! Ya san alkawarin da na yi wa kaina, duk dangi sun sani. Na dubi ƙafafun nan biyu a ƙarƙashin zana, sun ƙame kamar an dasa su. Na tuna tsohon da yake ƙara wa rediyo murya kowace safiya, da yaron da bai fasa durƙusa masa ba. Na ji kalmar ta yi mini nauyi a harshe, irin nauyin da ban taɓa jin ta da shi ba.

"Yaron kirki ne," na ce.

Kwano ya faɗi a bayan zana, ƙarar har maƙwabta. Sai ga Jemimah a guje ta faɗo jikina tana kuka tana dariya, ta kusa kayar da ni daga kujera. Na ce ta ɗaga ni, malamar makaranta guda ba kunya, in ɗalibanta suka gan ta fa?

An yi gaisuwa bayan an cire masara. Nonye ta zo da mutanensu, aka cika gindin mangwaro. Baba Obadiah bai zo ba, amma Martins ya zo da kwali a bayan babur, zomaye biyu a ciki, mace da namiji. Ya ce Baba ya ce a ba amarya, kuma kada a ce daga wurinsa suke.

Shi kuwa Yaya, har yau bai sake ɗaga maganar nan ba, ni ma ban sake ba. Sai dai tun daga ranar, ko a coci ko a gidan biki ko a kan bencina na Hayin Dogo, ban ƙara ce masa ya zagayo ba. Da kansa yake neman damana ya zauna.